Na canza madabod, kwamfuta ta ƙi zama lafiya: ku taimaka min da shawara

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan'uwa, ya sanyi? Ina cikin damuwa yau kwana biyar ke nan. Ina da shagon zane da buga takardu a Titin Bauchi, kusa da jami'a, nan Jos. Mako biyu da suka wuce an tayar da janaretan ginin da muke haya, wuta ta zo da ƙarfi, kwamfutar da nake aiki da ita ta ɗauke, daga nan ba ta sake tashi ba. Na kai wa wani mai gyara, ya ce madabod ne ya ƙone, wato babban faifan ciki da duk kayan kwamfuta ke haɗuwa a kansa. Na aika Abuja aka sayo min wani na hannu, ya ɗaura. Tana tashi, Windows yana buɗewa, amma ba ta zama. Wani lokaci shuɗin allo ya fito, wani lokaci kuma ta mutu ɗif kamar an zare waya, sannan ta tayar da kanta. Jiya ina tsakiyar haɗa katin biki a CorelDRAW ta ɗauke, aikin awa biyu ya tafi. Kun san watan Disamba, ga bukukuwa ga kalandar sabuwar shekara, mutane sun ba da kafin alƙalami suna jira.

Kayan da ke ciki: furosesa Ryzen 5 3600, ram guda biyu masu giga 8 kowanne, katin hoto GTX 1660 Super, SSD ɗaya, Windows 10. Tsohon bod A320 ne ƙarami, sabon B450 ne babba. Don Allah wanda ya san abin yi ya taimaka.

Ɗan Gangare: Wa alaikumus salam Oga. Wannan ai ba wani abu ba ne. Ka canza bod ka bar tsohon Windows, dole ya yi rikici, direbobin tsohon bod, wato 'yan manhajojin da Windows ke sarrafa kayan na'ura da su, suna faɗa da na sabo. Kwashe fayilolinka ka yi mata fomat, ka zuba sabon Windows. Kafin la'asar ka gama.

Maman Hanifa: Sannu da jarrabawa Baban Khalifa, Allah ya mayar da alheri. Kafin ka taɓa komai, kwafe aikin mutane zuwa wani wuri yanzu, a wannan kam ina tare da Ɗan Gangare. Amma fomat ka dakata tukuna. A320 da B450 duk na AMD ne, soket ɗinsu, wato mazaunin furosesa, ɗaya ne, AM4, kuma tarin direbobinsu ɗaya ne. Da daga Intel ka koma AMD da sai in ce ƙila. Sannan direba ba ya kashe kwamfuta ɗif kamar an zare waya, yawanci shuɗin allo yake kawowa. Ina son sanin abin da ake rubutawa a ƙasan shuɗin allon. Ko da yaushe rubutu ɗaya ne, ko yana canzawa?

Baban Khalifa: Na gode Hajiya. Na ɗauki hotonsa sau uku da waya. Sau biyu MEMORY_MANAGEMENT, sau ɗaya IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL. Yaron shagona ya ce ya ga wani daban ranar da ba na nan, amma bai riƙe ba.

Maman Hanifa: To ka gani. Idan direba ɗaya ne ke da laifi, sau da yawa saƙo ɗaya zai riƙa maimaitawa, har ya ambaci sunan fayil ɗin. Saƙo yau wannan gobe wancan, ram nake fara zargi, wato inda kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai.

Ɗan Gangare: Anti, da girmamawa, ni kwamfuta nawa na gyara da fomat kaɗai. Mutum yana da aiki a gabansa, a ce ya zauna bincike?

Kawu Na Dilimi: Salamu alaikum. Na karanta duka. Ɗana na Gangare, ba a ƙi ta taka ba, fomat yana da ranarsa. Amma ka yi tunani: idan ram ɗin ne ke ɓata abin da ake rubuta masa, sabon Windows ɗin da za a zuba ta cikinsa zai bi, ka ga an zuba ruwa mai tsabta a tulu mai datti. Ƙarshe ya rasa shirye-shiryensa, ya rasa wuni guda, matsala tana nan.

Baban Khalifa, ni abin da na gani a bayaninka cuta biyu ce, kada ka haɗa su. Shuɗin allo daban, mutuwa ɗif daban. Shuɗin allo yana nufin Windows ya ga ɓarna, ya samu lokacin faɗa maka kafin ya tsaya. Wadda ta mutu ba sallama kuwa, wuta ce ta yanke mata ko zafi ya sa ta kare kanta. Ka samo takarda da biro. Duk abin da za mu ce ka gwada, ɗaya za ka yi, ka rubuta, ka yi aiki da ita ka ga sakamako, sannan ka wuce na gaba. Idan ka canza abu huɗu a zama ɗaya ta gyaru, ba ka san wanne ne ba, ranar da ta dawo sai ka koma farko.

Abu na farko da nake so ka duba, domin shi ne zai iya kashe maka sabon bod ɗin. Ka ce tsohon ƙarami ne, sabon babba. A jikin akwatin kwamfuta akwai 'yan ƙafafun tagulla da bod ke zama a kansu. Ramukan ƙaramin bod da na babba ba duka suke daidai ba. Idan mai gyaran ya bar ƙafa ɗaya a inda babu rami, tana nan tana gogar bayan bod, ƙarfe a kan layin wuta. Cire wayar wuta, kwance bod ɗin, ƙirga ƙafafun, ƙirga ramukan. Kuma da yake hunturu ne, iska a bushe take, jikin mutum yana tara wutar nan da ke tartsatsi idan ka taɓa ƙofar mota. Ka cire rigar sanyi, ka riƙa taɓa ƙarfen akwatin kafin ka kama komai, bod da ram kuma a gefe ake riƙe su.

Baban Khalifa: Kawu na gode, Allah ya ƙara girma. Ban taɓa kwance bod da hannuna ba amma zan yi a hankali bayan isha'i.

Auta: Yaya, tunda za ka buɗe, ka ɗauki hoton kowace waya kafin ka zare, musamman ƙananan nan na maɓallin kunnawa. Su ne ke wahalar mayarwa.

Abu Sumayya: Ni ma irin haka ta same ni bara a Bukuru, sai da aka sabunta bayos, wato manhajar cikin bod da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, ta zauna. Bod na hannu ba ka san shekara nawa ya yi a ajiye ba. B450 a 2018 ya fito, Ryzen 3600 kuma a 2019, don haka tsofaffin bayos ɗinsa ba su san wannan furosesa ba. Ka sauko da sabo daga shafin kamfanin ka zuba.

Maman Hanifa: Maganarka gaskiya ce Malam, amma ba yanzu ba. Tunda tana tashi, bayos ɗin ya riga ya san furosesar. Sabuntawa na iya ƙara masa jituwa da ram, ban musa ba. Sai dai kwamfutar da ke mutuwa ba sanarwa, idan ta ɗauke ana tsakiyar zuba bayos, bod ɗin na iya zama gawa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. A bari sai ta daina mutuwa, kuma a yi shi a kan UPS, na'urar batirin nan da ke riƙe wuta idan an ɗauke.

Baban Khalifa: Barkanmu da safiya. Jiya na kwance. Ƙafafu tara, ramuka tara, kowace tana inda ya kamata, bayan bod ɗin ma babu ko ƙwarzane. Na mayar, na danna babbar wayar nan mai baki 24 da ƙaramar mai baki 8 ta sama har sai da na ji sun yi ƙas. Ga abin da na lura da shi: guraben ram huɗu ne, mai gyaran ya sa su a na ɗaya da na biyu, manne da juna. Kuma ba kamfani ɗaya ba ne, ɗaya an rubuta 3200, ɗaya 2666. Na tuna na biyun daga baya na ƙara shi. Amma shekara biyu suna aiki tare a tsohon bod ba matsala.

Maman Hanifa: Alhamdulillahi, mun fara ganin haske. Tsohon bod ɗinka gurbi biyu gare shi ko?

Baban Khalifa: Ƙwarai, biyu ne.

Maman Hanifa: To a can babu wurin kuskure. A bod mai gurbi huɗu, idan ram biyu gare ka, yawanci na biyu da na huɗu ake sa wa idan ka ƙirgo daga wajen furosesa. Za ka ga an rubuta A2 da B2 a jikin bod ɗin. Yadda aka sa maka su yanzu, duka biyun a hanya ɗaya suke bi, ka rasa rabin faɗin hanyar. Wannan kaɗai ba lallai ya kawo shuɗin allo ba, amma shiga bayos, ka danna Delete lokacin da take tashi, ka duba wani saiti mai ƙara wa ram gudu wai shi XMP, a wasu bod ɗin DOCP ko A-XMP suke kiransa. Ka gaya min a kunne yake ko a kashe, da gudun da ya nuna.

Baban Khalifa: A kunne yake Hajiya. Ya nuna 3200.

Maman Hanifa: Shi ke nan. Ana tilasta wa na 2666 ya yi gudun da ba a yi shi dominsa ba. A tsohon bod ina kyautata zaton ba wanda ya taɓa kunna wannan, shi ya sa suka zauna lafiya a gudun da dukansu za su iya. Amma kada ka gyara tukuna, mu bi maganar Kawu. Sauko da MemTest86, shirin gwada ram, kyauta ne, ka sa a filashi, ka tayar da kwamfutar daga filashin yadda take yanzu. Shi ba ya bi ta Windows ko kaɗan, don haka idan ya nuna kuskure, maganar fomat ta ƙare.

Ɗan Gangare: Na yarda da wannan gwajin. Idan bai nuna komai ba kuma sai a dawo kan maganata.

Baban Khalifa: Ko minti ashirin bai yi ba jan rubutu ya fara fitowa. Na tsayar da shi da kuskure ya haura ɗari.

Kawu Na Dilimi: Madalla. Yanzu kashe XMP ɗin, ko ma ka mayar da bayos gaba ɗaya yadda ya zo daga kamfani, tunda ba mu san me mai shi na da ya taɓa ba. Sannan ka gwada su ɗaya bayan ɗaya a gurbin A2. Dalili shi ne wutar da ta zo da ƙarfi tana iya yi wa ɗayansu illa, kuma idan suna tare ba za ka gane wanne ba. In kowanne ya wuce shi kaɗai, sai ka haɗa su a A2 da B2 ka bar gwajin ya kwana, ya yi zagaye huɗunsa cif.

Akwai kuma abin da nake tsoro, Allah ya sa ba shi ba ne. A wannan soket ɗin allurai a jikin furosesa suke, sama da dubu ɗaya da ɗari uku, sirara kamar gashi. Man da ke tsakanin furosesa da fankarta idan ya bushe yana kamawa kamar gam, mai gaggawa sai ya fizgo fanka ta fito da furosesa manne, allura ɗaya ko biyu ta lanƙwashe. Kuma abin da ke sarrafa ram a cikin furosesar yake. Na sha ganin wanda ya sayi ram sabo har sau biyu, ashe allura ce. Idan ka ga ram yana wucewa a A2 amma yana faɗuwa a B2, to can za mu duba. In ba haka ba kada ka cire furosesar.

Auta: Kawu, idan allurar ta lanƙwashe ana iya miƙar da ita?

Kawu Na Dilimi: Ana iyawa ɗana, da bakin fensirin nan mai matsawa wanda aka cire masa baƙin abin rubutun da ke cikinsa, da gilashin ƙara girma, da haƙuri. Sau ɗaya ake lanƙwasa ta a dawo, in ka yi ta kai da komo za ta karye.

Baban Khalifa: Salam. Na yi shiru kwana biyu saboda ina bin abin da kuka ce. Kowane ram ya wuce shi kaɗai. Na haɗa su a A2 da B2, XMP a kashe, na bar shi ya kwana a kan inbata ta maƙwabcina mai kemis, da safe zagaye huɗu babu kuskure ko ɗaya. Tun daga lokacin ban sake ganin shuɗin allo ba. Har na fara murna. Amma yau da rana ina fitar da babbar bana a Photoshop, ta sake mutuwa ɗif. Na tayar, na sake gwadawa, a daidai wurin ta sake ɗaukewa. Idan rubutu kawai nake a Word ba ta yi.

Ɗan Gangare: Na janye maganar fomat a kan shuɗin allo, Anti ta yi gaskiya. Wannan kuma zafi ne Oga. Ina tabbatar maka mai gyaran bai sa sabon man furosesa ba, tsohon ya mayar. Da yawa haka suke yi.

Abu Sumayya: Zafi a Jos cikin Disamba? Mu da ke kwana da safa.

Ɗan Gangare: Malam, sanyin gari ba ya shiga tsakanin furosesa da fanka. In man ya bushe ko an ɗaure kusoshin fanka a karkace, ko a Pankshin kake za ta yi zafi.

Maman Hanifa: A nan Ɗan Gangare yana da hujja, kuma auna shi ba wuya. Sa HWiNFO, ka buɗe inda yake nuna zafi, ka fara fitar da banar kana kallo. Iyakar Ryzen 3600 digiri 95 ne, kuma kafin ta kai ga kashe kanta sai ta fara rage gudu. Sannan ka buɗe Event Viewer, inda Windows ke rubuta abin da ya faru, ka nemi Kernel-Power mai lamba 41, ka duba BugcheckCode a cikinsa. Lambar 41 ita kaɗai ba ta faɗin dalili, cewa kawai take an mutu ba a rufe daidai ba. Amma in ka ga sifili a wurin, Windows bai ma samu damar yin shuɗin allo ba.

Baban Khalifa: Na yi. Furosesa tana 74 lokacin da ta ɗauke, katin hoto 66. BugcheckCode sifili ne.

Kawu Na Dilimi: To ba zafi ba ne. Baban Khalifa, tun ranar farko akwai tambayar da nake riƙe da ita, na bari mu gama da ram. Ka lissafa mana kayan kwamfutarka duka, ba ka ambaci akwatin wuta ba, wanda ke karɓar lantarki ya raba wa kayan ciki. Wane iri ne, kuma an canza shi bayan abin da ya faru?

Baban Khalifa: Ba a canza ba Kawu. Wanda ya zo da akwatin kwamfutar ne tun farko, an rubuta wat 500, sunan ma ban san shi ba. Mai gyaran ya ce fankarsa tana juyawa, lafiyarsa ƙalau.

Kawu Na Dilimi: Ruwa ba ya tsami banza. Wutar da ta zo da ƙarfi, ta ina ta shiga? Ba ta tsallake akwatin wuta ta faɗa kan bod ba, shi ta fara samu. Juyawar fanka ba shaida ba ce, fanka wuta kaɗan take ci. Furosesarka da katin hotonka duk daga layin bolt 12 suke sha, katin kaɗai wat 125 ne idan ya ɗauki kaya. Irin waɗannan akwatunan da ke zuwa kyauta, 500 ɗin da ke jikin takarda ba duka ke kan layin 12 ba, ga shekaru, ga dukan da ya sha. A Word ba a tambayarsa komai. Da ka ɗora masa bana sai ya durƙusa.

Idan kana da mita, nemo ɗaya daga cikin filogin nan masu baki huɗu da ba a amfani da su. Jan tsinken mita a wayar rawaya, baƙi a baƙar waya. Ƙa'ida ita ce kada ya kauce wa 12 da fiye da kashi biyar cikin ɗari, wato tsakanin 11.4 da 12.6. Ka auna tana zaune, ka auna tana aiki. Kuma ina roƙonka kada ka buɗe cikin akwatin wutar. Manyan kafasitocin ciki suna riƙe wuta ko bayan an zare waya.

Maman Hanifa: Ƙari kaɗan a kan maganar Kawu. In mita ta nuna ƙasa da ƙa'ida, an kama ɓarawo. In ta nuna daidai, bai wanke shi ba, domin faɗuwar tana iya zama ta ƙiftawar ido, mita ba za ta gani ba. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a ɗaura wani mai lafiya. Kuma har a samu, ka daina ɗora mata nauyi, kada ya tafi da sabon bod ɗin.

Baban Khalifa: Na aro mita wurin mai gyaran rediyo. Tana zaune 11.8. Da na fara fitar da bana ya gangaro 11.3, na ga 11.1, sai ta mutu.

Auta: Yaya, ina da na wat 550 mai kyau a kwamfutata, kuma mun yi hutu, gida zan tafi ranar Asabar. Ina Unguwar Rogo, zan kawo maka shago ka riƙe har Janairu.

Kawu Na Dilimi: Allah ya yi maka albarka Auta. Ka kawo shi da wayoyinsa. Idan irin wanda ake zare wa wayoyi ne, kada a haɗa shi da wayar wani akwatin ko da bakin ya shiga, tsarin cikinsu ba ɗaya ba ne. Baban Khalifa ka kula, mai baki 8 na furosesa daban, mai 6 da 2 na katin hoto daban, an rubuta a jikinsu.

Baban Khalifa: Alhamdulillahi. Auta ya zo da kansa, tare muka ɗaura. Mita ta tsaya a 12.1, ko da aiki ba ta sauka ƙasa da 12 ba. Na fitar da banar nan sau uku, na haɗa kalanda mai shafi goma sha biyu, tun jiya da hantsi ba ta yi ko tari ba. Na sallami mutum huɗu yau. Ban san da bakin da zan gode muku ba, Allah ya saka wa kowa da alheri, ya jiƙan mahaifa. Saura abu ɗaya, a ƙasan allo an rubuta in kunna lasisin Windows, da babu wannan.

Maman Hanifa: Amin. Lasisin yana ɗaure ne da madabod, da ka canza sai ya ɗauka sabuwar kwamfuta ce. Idan da ma ka haɗa shi da asusunka na Microsoft, shiga wurin kunna lasisi a saituna, akwai mai warware matsala, ka zaɓi cewa ka canza kayan na'ura. Idan lasisin irin wanda ke zuwa manne da kwamfuta ne, ƙila ya ƙi bin ka. Kuma ka sa a ranka Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Furosesarka tana ɗaukar Windows 11, sai dai a kunna saitin tsaron nan fTPM a bayos. Idan aikin bukukuwa ya lafa, ka sayi naka akwatin wutar da UPS, sai a sabunta bayos, a zuba Windows 11 sabo fil.

Ɗan Gangare: Ranar ni zan zo in zuba maka Oga, ba sai ka biya ba.

Kawu Na Dilimi: Baban Khalifa, ina tsohon bod ɗin? Ka ga tabon ƙuna a jikinsa da idonka, ko ka ji ƙauri?

Baban Khalifa: A'a Kawu, ban gani ba. Ce min aka yi ya ƙone, na yarda. Yana wurin mai gyaran, ban ma karɓo ba.

Kawu Na Dilimi: Je ka karɓo shi cikin mutunci, ba da faɗa ba. Ba na cewa ya cuce ka, yana yiwuwa bod ɗin ya mutu da gaske, yana yiwuwa kuma da akwatin wutarka ya gwada shi, ko bayos ne ya rikice da ake buƙatar a cire ƙaramin batirin nan CR2032 na 'yan mintuna a mayar. Ina da tsohuwar furosesa ta AM4 a shago da nake gwaji da ita, ba sai mun taɓa taka ba. Ka kawo min gobe bayan azahar, mu ɗora shi a kan kwali mu ba shi wuta mai kyau. In ya tashi, ka samu abin haɗa wa yaron shagonka ta biyu.

Baban Khalifa: In sha Allahu Kawu. Da safe zan biya in karɓo, in na idar da azahar a Masallacin Juma'a sai in gangaro Dilimi. In haɗo da tsohon akwatin wutar?

Kawu Na Dilimi: Haɗo shi, amma ka yanke masa waya tun daga shago, kada wani ya tsince shi ya ɗaura.